Keke da Ɓarawonsa: Waiwaye Kan Tarihin Satar Keke da Sirdi a Dala ta Maiduguri

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin hanyar Dala da sassafe, kafin rana ta yi zafi, ya ga ayarin kekuna suna kwarara zuwa cikin gari. Ga magini da ceburinsa ɗaure a kariya, ga ɗan makaranta ya goyo ƙanensa, ga malamin firamare ya naɗe bakin wandonsa don kada sarƙa ta kama. Dalar da ake nufi a nan ba dutsen nan ne na Kano ba. Yanki ne da ke gefen kudu maso yammacin birnin Maiduguri, wanda ya ƙunshi unguwanni irin su Dala Alamderi da Dala Lawanti, a cikin Ƙaramar Hukumar Jere ta Jihar Barno. Yawancin mazauna yankin masu neman na yau ne, kuma abincinsu yana cikin gari, a Kasuwar Monday ko Gamboru ko Tashar Baga ko wuraren gine-gine. Ga irin waɗannan mutane, keke shi ne ƙafa. Ranar da aka sace shi, abincin gida ne aka taɓa.

A wannan maƙala za a yi ƙoƙarin bin sawun keke tun daga shigowarsa ƙasar Barno har zuwa yau, domin a gano abin da ya kare shi daga ɓarayi a da, da kuma abin da ya sa kariyar ta yi rauni. Abin da tarihin zai nuna shi ne, kwado yana jinkirta ɓarawo ne kawai, amma abin da ke hana shi sata shi ne rashin inda zai sayar. A zamanin da kowane keke yake da shaida, satarsa wahala ce. Da keke ya dawo Maiduguri da ƙarfinsa a shekarar 2011, shi kaɗai ya dawo, bai taho da shaidarsa ba.

Daga Doki Zuwa Keke

Barno ƙasar doki ce tun fil azal, kuma ita kanta kalmar sirdi, wadda asalinta Larabci ne, a kan doki aka fara saninta kafin a ara wa keke. Wannan gado yana da muhimmanci ga batunmu, domin mutanen da sun san cewa dabba dukiya ce mai tafiya da ƙafarta, saboda haka suka tanadar mata hanyoyin tsaro guda uku. Ta farko ita ce turke da dabaibayi. Ta biyu ita ce shaida, wato lalas da makiyaya kan yi wa raƙuma da shanu da dawaki don a san na gidan wane ne. Ta uku ita ce dillali. A kasuwar dabbobi baƙo ba ya sayar da doki kai tsaye, sai ta hannun dillalin da ya san shi ko ya san mai masaukinsa, kuma la'adar da dillali ke karɓa ba ladan ciniki kaɗai ba ce, har da ladan tsayawa shaida idan rigima ta taso. In dabba ta ɓace, sai a kai cigiya wurin Bulama, wato mai unguwa, shi kuma ya sanar da Lawan, magana ta bazu kasuwa-kasuwa.

Shi kuwa keke irin wanda muka sani, mai ƙafa biyu daidai wa daida da sarƙa mai juya ƙafar baya, a Ingila aka ƙera shi. Wani maƙeri mai suna John Kemp Starley ne ya fito da shi a garin Coventry a shekarar 1885, sannan a 1888 John Boyd Dunlop ya samar da tayar da ake hura wa iska. A ƙarshen waɗannan shekaru ne kuma aka kafa kamfanin Raleigh a garin Nottingham, wanda sunansa ya zama kamar sunan keke a Afirka ta Yamma. Lokacin da Shehu Abubakar Garbai ya tare a Yerwa a 1907, keke bai wuce shekara ashirin da biyu a duniya ba. Wato birnin Maiduguri na yanzu da keke kusan tsara ne.

Turawan mulki da na mishan da ma'aikatansu ne suka fara hawansa a Arewa. Sunayensa ma sun nuna hanyoyin da ya biyo. Tsofaffi suna kiransa basukur, kalmar da aka aro daga Ingilishi, ita kuwa keke daga Yarabanci ta zo, a bakin 'yan kasuwa da ma'aikatan da suka biyo layin dogo. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya kai Nguru a 1930, amma bai shigo Maiduguri ba sai 1964. Kafin wannan lokaci, duk kayan kanti da za su zo Barno sai sun sha doguwar tafiya a mota daga Jos ko Nguru, abin da ya ƙara wa keke tsada da daraja a idon jama'a.

Zamanin Lamba da Rasit

Daga bayan Yaƙin Duniya na Biyu zuwa farkon shekarun 1970, keke ya sauko daga hannun Turawa da akawuna ya shiga hannun malaman makaranta da malaman gona da na asibiti da masinjoji da manoman da gyaɗa ta yi musu albarka. Manyan kamfanonin ciniki irin su UAC da John Holt su ne ke shigo da shi, kuma dattawa da yawa suna tuna hoton tallar Raleigh, inda zaki ya biyo wani mahayi a guje, shi kuwa yana ta dariya don ya san ba za a cim masa ba. Bayan Raleigh akwai Hercules da Rudge, daga baya kuma Phoenix na ƙasar Sin ya shigo da sauƙin kuɗi. Har ta kai Raleigh ya kafa masana'antar harhaɗa kekuna a Kano, wadda daga bisani ta bi sahun masana'antun birnin da suka durƙushe.

A wannan zamani keke kadara ce. Akan naɗe shi da roba mai launi, a sa masa madubi da ƙararrawa da fitila, a ɗinka wa sirdinsa riga mai geza, a kuma kwantar da shi a ɗaki tare da mai shi. Abin lura a nan shi ne, tsarin nan uku na doki duk sun koma kan keke. Turkensa shi ne ɗan kwadon da ke kama ƙafar baya. Lalas ɗinsa ita ce lambar da kamfani ya buga a jikin ƙarfensa, ko dai a gindin sandar sirdi ko a ƙarƙashin mahaɗar feda, kuma mai hankali yakan tabbatar an rubuta masa ita a rasit ranar da ya saya. Dillalinsa kuwa su ne masu gyara da masu hayar kekuna, waɗanda a gari ƙarami sun san keken kowa kamar yadda makiyayi ya san shanunsa.

A kan waɗannan kuma sai hukuma ta ƙara lasin. En'e ce ke karɓar kuɗin lasin keke, ta ba mai shi lamba, 'yan doka kuma suna kama wanda ba shi da ita, kamar yadda suke kama mai tafiya da dare ba fitila. Gaskiya ne manufar lasin kuɗin shiga ce, kuma talakawa ba su ƙaunace shi ba, domin wani nau'in haraji ne da ya ba 'yan doka ƙofar matsa wa mutane. Amma duk da haka ya yi wani amfani da ba a yi niyya ba, wato ya ɗaura sunan mutum a jikin keke a cikin littafin hukuma. Wanda aka tsare da keke dole ya iya faɗin yadda ya same shi.

Doka ma ta fahimci inda gizo ke saƙa. Dokar Final Kot ta Jihar Arewa, wadda aka zartar a 1959 ta fara aiki a 1960, ta yanke wa ɓarawo ɗaurin da zai iya kai shekara biyar, amma wanda ya karɓi kayan sata yana sane, nasa ɗaurin zai iya kai shekara goma sha huɗu. Masu tsara dokar sun san cewa mai saye shi ne uban sata. Wannan ba yana nufin ba a satar keke a lokacin ba ne. Ana yi, amma ɓarawon sai ya yi nisa da shi zuwa wani gari, ko ya wargaza shi, kuma duka biyun suna da wahala da haɗari.

Lokacin da Aka Jingine Keke

Abubuwa uku ne suka taru suka rushe wannan tsari. Na farko shi ne bunƙasar gari. A 1967 Maiduguri ta zama hedkwatar Jihar Arewa maso Gabas, a 1975 aka kafa jami'a, a 1976 kuma aka ƙirƙiro Jihar Barno. Fari na shekarun 1970 da na 1980 ya koro mutane daga karkara da bakin Tafkin Chadi, gari ya yi ta faɗaɗa yana haɗiye ƙauyukan da ke kewaye da shi, ciki har da Dala. Garin da kowa ya san keken kowa ya zama garin da maƙwabci bai san maƙwabci ba.

Na biyu shi ne kuɗin man fetur. Ƙarin albashin Udoji, wanda aka biya ma'aikata a 1975, ya sa akawu da malamin makaranta suka jingine keke suka sayi babur, na sama da su kuma suka sayi mota. Keke ya koma abin hawan leburori da yara da mutanen ƙauye. Da tattalin arziki ya karye, aka shigo da shirin tsuke bakin aljihu a 1986, sai aka zaci jama'a za su koma wa keke, amma acaɓa ce ta cike gurbin. Da kuɗi kaɗan za a ɗauke ka daga Dala a sauke ka a ƙofar kasuwa, to, me zai sa ka yi gumi? Darajar keke ta faɗi ƙwarai, har ta kai lokacin da Ministan Sufuri Ojo Maduekwe ya tashi yaƙin neman a koma hawan keke a 2001, dariya aka yi ta yi masa, musamman bayan da wata motar bas ta ture shi daga kan nasa keken a Abuja.

Na uku shi ne sauyin mulki. An haɗe 'yan doka da 'yan sandan tarayya a ƙarshen shekarun 1960, sannan gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya kawo ƙarshen En'e. Ikon ba da lasin keke bai ɓace ba. Hasali ma, Jadawali na Huɗu na Tsarin Mulkin 1999 ya lissafa ba da lasin kekuna da kwale-kwale da baro da amalanke a cikin ayyukan ƙaramar hukuma. Sai dai aikin ya zama na kan takarda. Abin da ba shi da daraja ba a yi masa rajista, kuma wanda ya sayi tsohon keke a hannun abokinsa ba ya tambayar rasit. Haka aka yi shekara talatin da ɗoriya, har aka sami mutanen da suka girma ba su san keke yana da lamba a jikinsa ba.

Shekarar 2011 da Dawowar Keke

A watan Yuli na 2011, gwamnatin Jihar Barno a ƙarƙashin Gwamna Kashim Shettima ta haramta hawan babur, na haya da na gida, a Maiduguri da Jere, saboda 'yan bindiga suna amfani da shi wajen kai hari su tsere. Haramcin ya shafe fiye da shekara goma yana aiki. Dare ɗaya dubban mutane suka wayi gari ba abin hawa. Keke Napep ya ɗauki wani kaso na fasinja, amma ba ya shiga kowane lungu, kuma magidancin da zai biya kuɗin mota zuwa da dawowa, shi da 'ya'yansa, kullum, ba abin da zai rage masa na cefane. Mutanen bakin gari irin na Dala su ne abin ya fi shafa. Sai aka shiga zaure da bayan ɗaki aka zaƙulo tsofaffin kekuna, aka kakkaɓe musu ƙura, masu gyara suka sami kasuwar da ba su taɓa gani ba.

Daga nan sai buƙata ta yi ta hauhawa. Tun daga 2014, lokacin da garuruwa irin su Bama da Gwoza da Dambuwa suka faɗa hannun 'yan tayar da ƙayar baya, ɗimbin 'yan gudun hijira suka kwararo Maiduguri, kuma mafi yawansu a cikin unguwanni suka zauna, ba a sansani ba. Su ma suna bukatar abin da zai kai su gona ko wurin leburanci. Sannan a ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur, kuma cikin kwana biyu litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta koma naira 557 a gidajen man gwamnati na Maiduguri. Har masu mota wasunsu suka ajiye suka nemi keke.

A nan ne matsalar take. Keke ya dawo da darajar da yake da ita a zamanin En'e, amma ya dawo cikin garin da ya ninka na da sau da yawa, ba lasin, ba rasit, ba dillalin da zai tsaya shaida. Daɗin daɗawa, da yawa daga cikin kekunan da suka cika kasuwa na gwanjo ne da ake shigowa da su daga ƙasashen waje, kuma ba wanda ke tsammanin ganin takarda tare da kayan gwanjo. Keken sata da keken halal suka zama ba su da bambanci a idon mai saye. Fenti na 'yan kuɗi kaɗan da sauya kariya da madigadi sun isa su sa mai keke ya wuce nasa a kasuwa bai gane shi ba. Wanda kuma ya ƙi sayuwa a haɗe, sai a sayar da shi gunduwa-gunduwa, ragowar ƙarfen ya tafi wurin masu awon ƙarfe a sikeli. Cinikin tsofaffin ƙarafa ya yi ƙarfi a Barno har sai da Gwamna Babagana Umara Zulum ya haramta sana'ar tsintarsu a watan Yuli na 2023, saboda kashe-kashen da ake yi wa matasa masu shiga daji nemansu da kuma ɓarnatar da kayan gwamnati.

Me Ya Sa Sirdi?

Mai karatu zai iya tambaya, me ɓarawo zai yi da sirdi shi kaɗai? Amsar tana cikin tarihin ƙirar keke. Tsohon Raleigh ko Phoenix, da ƙusa da noti ake ɗaure sandar sirdinsa, kuma duk mai son cire shi sai ya zo da sifana ya durƙusa yana kwancewa, jama'a suna kallonsa. Amma a wajen 1930 wani ɗan tseren keke na ƙasar Italiya mai suna Tullio Campagnolo ya ƙirƙiro wani ɗan maɗauri mai hannu, wanda ake buɗewa da yatsa, domin 'yan tsere su riƙa cire ƙafar keke da sauri. Daga baya, musamman a shekarun 1980 da aka fito da kekunan hawa duwatsu, sai aka sa irin wannan maɗauri a sandar sirdi don mahayi ya ɗaga ko ya sauke shi yadda yake so. Irin waɗannan kekuna suna da yawa a cikin na gwanjo. Dabarar da aka yi don sauƙaƙa wa ɗan tsere a Turai ita ce ta sauƙaƙa wa ɓarawo a ƙofar masallaci.

Sirdi yana da duk siffofin da ɓarawo ke so. Ana cire shi cikin ƙiftawar ido, yana shiga ƙarƙashin riga ko cikin buhu, ba shi da lamba, kuma kullum akwai mai nemansa, tun da rana da zufa da ramukan hanya suna cin sirdi. Akwai kuma wani abin takaici. Wanda aka sace wa sirdi ba zai iya hawa ba sai ya sayi wani, kuma da yake aljihunsa ba nauyi, na hannu zai nema mai araha. Ta yiwu wanda zai saya ɗin an ciro shi ne daga keken wani bawan Allah a wata unguwa. Ta haka wanda aka zalunta jiya yake zama kasuwar ɓarawon gobe, ba tare da ya sani ba.

Abin da Wasu Ƙasashe Suka Yi

Wannan damuwa ba ta Maiduguri kaɗai ba ce. A 1948 Vittorio De Sica ya shirya wani fim a Italiya a kan wani talaka da ya sami aikin liƙa takardun talla bisa sharaɗin yana da keke, aka sace keken a ranar farko, ya yi ta yawo da ɗansa a birnin Rum yana nema, har ƙunci ya kai shi ga yunƙurin satar na wani. Duk wanda ya zauna a Dala zai gane wannan labari ba sai an fassara masa ba.

Ƙasashen da suka ɗauki abin da muhimmanci duk hanya ɗaya suka bi, wato shaida. Tun shekarun 1940 ƙasar Denmark ta wajabta buga wa kowane keke lamba ta musamman mai nuna maƙerinsa da shekarar ƙira. Japan ta wajabta rajistar kekuna a 1994, kuma ɗan sanda yana iya tsayar da mahayi ya duba ko sunan da ke rajista nasa ne. Faransa ta wajabta sa wa sababbin kekuna lambar shaida daga ranar 1 ga Janairu, 2021. Ba a daina sata a waɗannan ƙasashe ba, amma an sa keken sata ya yi wuyar sayarwa, kuma in an tsince shi ana sanin wanda za a mayar wa. Abin da suka yi da kwamfuta shi ne abin da kakanninmu suka yi da lalas da dillali.

Hanyoyin Rigakafi

Idan aka dubi wannan tarihi, za a ga rigakafin ya kasu gida uku, kamar yadda yake tun zamanin doki.

Na farko, turke, kuma wannan nauyin mai keke ne. Ɗan kwadon ƙafar baya yana hana a hau ne, ba ya hana a ɗauka a jefa cikin Keke Napep. Abin da ya dace shi ne sarƙa mai kauri da kwado mai nauyi, a zagaya ta cikin ƙarfen jikin keke da ƙafar baya, a haɗa da abin da ba ya motsi, kamar turken ƙarfe ko bishiya. Wanda ya ɗaure ƙafar gaba kaɗai, wata rana ita kaɗai zai tarar. Kada a bar kwado yana kwance a ƙasa, domin a nan ne ake samun damar dukansa da guduma. A ajiye keke inda idon jama'a yake, da dare kuma a shigar da shi cikin gida, kada a bar shi a zaure. Game da sirdi, a sa mai gyara ya cire maɗaurin nan mai hannu ya mayar da ƙusa da noti. Sannan a sami tsohuwar sarƙar keke, a zura ta cikin tsohon tiyub don kada ta kankare fenti, a zagaya ta ƙarafan ƙarƙashin sirdi da jikin keke, a haɗe bakinta. Kuɗin wannan aiki bai kai na sabon sirdi ba. Malaman fiƙihu ma sun bambanta kayan da aka ɗauka daga hirzi, wato ma'ajin da ya dace da su, da waɗanda aka bari a yashe, kuma sanannen abu ne cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umurci mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya yi tawakkali.

Na biyu, shaida. Kowane mai keke ya kifa kekensa yau ya nemo lambar da ke jikinsa, ya rubuta ta, ya ɗauki hotonta da na keken da wayarsa ko ta ɗan'uwansa. In babu lamba, maƙeri zai iya buga masa wata alama a ɓoyayyen wuri, haka ma a ƙarƙashin sirdi. Kada a ajiye shaidar wuri ɗaya. Gobarar Kasuwar Monday ta watan Fabrairu na 2023 da ambaliyar da ta biyo bayan ɓallewar madatsar Alau a watan Satumba na 2024 sun koya wa mutanen Maiduguri cewa takarda ba ta da tabbas a gaban wuta da ruwa. Littafi guda a hannun Bulama, mai ɗauke da suna da irin keke da lambarsa, zai yi aikin da lasin En'e ya yi ba tare da zaluncinsa ba. Ƙaramar hukuma tana da ikon tsara wannan a doka, amma in aka mayar da shi hanyar tatsar talaka da kafa shinge a hanya, jama'a za su guje shi, kuma suna da gaskiya.

Na uku, kasuwa, kuma wannan shi ne mafi girma. Masu sayar da kekuna na hannu da masu gyara su ne dillalan wannan zamani. Idan suka haɗa kai a kan ba za su karɓi keke ko sirdi daga hannun wanda ba su sani ba sai da mai tsaya masa, kuma duk cinikin da aka yi za a rubuta lamba da sunan mai sayarwa, to, rabin satar ta mutu. Mai saye shi ma ya ji tsoron Allah. Keken da aka yi maka tayinsa a rabin kuɗinsa, a lungu, da magariba, ka san abin da ka saya. A masallatan Juma'a da makarantu da kasuwanni kuma, a ware wurin ajiya da mai gadi, a riƙa ba da alama biyu masu lamba ɗaya, guda a rataya a keke, guda a aljihun mai shi.

Akwai gargaɗi guda da ya wajaba a yi. Garin da ya sha wuya yakan yi saurin fushi, kuma ihun ɓarawo a kasuwa yana iya ƙarewa da ran mutum, wani lokaci ma wanda bai ji ba bai gani ba. Ran ɗan Adam ya fi keke. Amfanin shaida shi ne tana raba gardama ba tare da sanda ba, a kai wanda ake zargi gaban hukuma, lamba ta yi magana.

Kammalawa

An ga yadda keke ya gaji sirdin doki da tsarin tsaronsa, yadda lamba da rasit da sanayya suka kare shi a zamanin En'e, yadda fetur da acaɓa da bunƙasar gari suka sa aka manta da su, da kuma yadda dokar 2011 ta dawo da keke cikin garin da ya riga ya manta yadda ake tsaronsa. Hausawa na cewa idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Warin a nan shi ne kasuwar da ba ta tambaya. Maginin nan na Dala da ya fito da sassafe ba ya bukatar sabuwar fasaha daga waje. Sarƙa yake bukata, da lamba a littafin Bulama, da maƙwabcin da zai ƙi sayen abin da bai san asalinsa ba. Allah Ya tsare mana dukiyoyinmu, Ya kuma tsare hannuwanmu daga dukiyar mutane, amin.